Inna, Diplom Ya Fito

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki, ni ce Zuwaira, autarki, nake rubuto miki daga Kumasi. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma ko da kina raye ma karanta miki ake yi, don haka bari jama'a su karanta, ni dai da ke nake magana.

Albishir na kawo miki. Jiya da hantsi saƙo ya shigo salulata cewa na ci jarrabawar ƙarshe, an ba ni diplom na koyarwa. Mijina Sani yana kasuwa, yara suna makaranta, na rasa wanda zan faɗa wa. Sai na koma na zauna na ci gaba da tsince wake, ina dariya, hawaye na ɗiga cikin faifai.

Kin san inda abin ya faro. Ina gama jarrabawar brebe ta ƙaramar sakandare aka ɗauke ni kwantaragi, wato malamar wucin gadi, a lakol ɗin ƙauyenmu, can bayan Gazawa. Aka ba ni alli da rumfar kara cike da yara, ba wanda ya nuna mini yadda ake koyarwa. Sai in shiga in yi ta zuba Faransanci, su kuwa suna kallona kamar rediyo. Kullum na dawo gida muryata a dishe, ki dafa mini citta da kanumfari, ki ce, "Ke dai kina son aikin nan, shi ne bai saba da ke ba tukuna."

Da na yi aure, Sani ya taho da ni Gana inda yake fataucin wake. Nan ƙasar masu Ingilishi ce, Faransancina ko cefane bai yi mini. Na haifi Nana, na haifi Bashiru, na zama matar mai wake, alli ya fita hannuna. Ana nan wata maƙwabciya ta gaya mini akwai makarantar horon malamai ta Faransanci da ake yi daga nesa: darasi ta intanet, a aika aiki ta salula, jarrabawa kaɗai ake zuwa a zauna. Da na buga miki, sai kika ce, "Lakol cikin salula? To malamin ta ina yake zane ku?" Kika yi dariya har da tari, sannan kika ce, "Shiga. In ƙarya ce ma gani."

Ba ƙarya ba ce, Inna, amma da wuya. Bayan sallar asuba nake karatu kafin yara su tashi. Wani lokaci malami na tsakiyar bayani rezon salula ya ɗauke, wani lokaci ruwan Kumasi ya hau kwanon ɗaki ya hana ni jin komai. Abin da ya fi damuna shi ne an ce duk darasin da muka shirya sai mun gwada shi gaban mutum. Ni kuwa ba ni da aji, Nana ba ta ma iya zama wuri ɗaya ba.

Ke kika ce a gwada a kanki.

Haka muka yi ta yi. Bayan la'asar Hassi, matar Yaya Habu, ta riƙe miki salula, ni in yi sallama kamar na shigo aji. Ke da ba ki taɓa taka lakol ba, kin fi kowane ɗalibi fitina. In na yi sauri ki ce, "Ban gane ba, sake." In na sake ki ce, "Yanzu na gane, amma sake, daɗin ji gare shi." Ranar darasin rabawa na ce a raba goro tara tsakanin mutum uku, kika ƙi. Kika ce ba mai hankalin da zai raba goro bai fidda na liman ba. Da ƙyar Hassi ta iya riƙe salular don dariya. Daga baya na ji har maƙwabta kike kira su zo su ji, kina gaya musu kina da malama a Gana.

Shekarar ƙarshe, damina ta yi nisa, jarrabawa ta matso, sai Hassi ta kira ni a ɓoye daga bayan rumbu. Ta ce ƙafafunki sun kumbura, an kai ki likita Gazawa, daga nan Maradi, an dawo da ke gida, kuma kin hana kowa ya gaya mini sai na rubuta. Wanda bai zauna jarrabawar ba kuwa sai ya jira baɗi. Na zauna bakin gado da littattafaina a cinya, na kasa yanke shawara. Sani ne ya ɗauke su ya ajiye bisa akwati, ya ce in haɗa kaya.

Daga wannan mota zuwa waccan har Gazawa, daga nan ɗan kabu-kabu ya bi da ni cikin gonakin gero. Na shiga ɗaki na same ki kin rame, sai idanu. Ban gama sallama ba kika ce, "Wa ya aiko ki? Kin rubuta?" Na ce a'a. Kika juya fuska bango. Amma bakin zanena yana cikin hannunki, ba ki saki ba har aka kira magariba.

Da gari ya waye kika ce tunda na zo, sai kin gani da idonki. Aka fito da ke bisa tabarma ƙarƙashin itacen bedi, aka tara yaran gida da na maƙwabta. Yaya Habu ya cire ƙyauren ɗakinsa ya jingine, shi ne allo, gawayi shi ne alli. Wallahi Inna, ban taɓa jin tsoron wata jarrabawa kamar na safiyar nan ba. Na koya musu haruffa da waƙa da tafi, kowa ya zana nasa a ƙasa da tsinke, har masu kunya suka riƙa ɗaga hannu. Ke kuwa kina ta kallo. Da aka watse kika nemi fura, ke da kika daɗe ba ki sa komai a baki ba. Na ji kina gaya wa Hassi, "Kin gani, ko tsawa ɗaya ba ta yi ba."

Ba ki ga girbi ba. Bayan sadakar arba'in na komo Kumasi, na daɗe ban buɗe littafi ba. Da na sake rajista, na gwada darasi a kan Sani, shi kuwa komai na faɗa ya ce ya gane don ya samu ya tafi. Hassi ce ta gyara. Rannan bayan la'asar salula ta yi ƙara, na ɗauka, ta ce ta gama aiki, ga ta zaune, in fara. Da ita na ƙarasa shekarar.

Mun yi shawara da Sani. Bayan damina zan taho da yara in kai takarduna buro, ofishin ilimi, a Gazawa, shi kuma ya riƙa zuwa yana komawa, da ma can yake sayen wakensa. Ban san ƙauyen da za a tura ni ba. Na dai ƙudura in roƙi ajin ƙanana, masu zuwa ranar farko suna kuka.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Sunana da na Baba aka rubuta a kan diplom ɗin, haka tsarin yake, naki babu. Shi ya sa na rubuta wannan inda kowa zai gani.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya yalwata miki kabari, Ya haskaka shi, Ya yafe miki kurakuranki. Duk yaron da ya iya karatu a hannuna, Allah Ya kai ladan gare ki. Ya saka wa Hassi da Sani da alheri, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Taki har abada,
Malama Zuwaira, ɗiyar Hajo