Ban da Ruwan Toka a Ɗakin Tsohuwa

Maman Nduta,

Na wuce Nakuru wurin aiki, ban iya jiran dawowarki ba. Sai jibi.

Otiende mai fenti ya gama falo ɗazu, kuma ruwan tokan da kika zaɓa ya zauna sosai. Amma da Tsohuwa ta shigo, sai ta shafa bangon ta ce, "Filasta ta yi kyau. Yaushe za a sa fenti?" Na kwashe da dariya, na ce ai fentin ke nan, shi ake yayi. Da na sani ban yi dariyar nan ba.

Sai ta ce shekara ashirin da uku ta yi da Baba a ɗakin siminti zalla. Kullum yana cewa idan kuɗin ganyen shayi ya fito zai yi mata fenti, karatunmu kuma ya cinye kuɗin, har ya rasu. Ta ce, "Ku da Allah ya hore muku, kun je kun sayo siminti a gwangwani."

Ko shayinta ba ta sha ba.

Falo naki ne, a bar shi haka. Amma don Allah gobe kada Otiende ya taɓa ɗakinta. Ki kai ta shago ta zaɓa da kanta. Na san kore shar za ta nuna, mai kashe ido. Ki daure ki ce ya yi kyau. Fentin da Baba ya yi mata alkawari ke nan.

Mureithi