Ƙasar Kwazazzabonmu Cikin Hula

Zuwa ga Yaya Guilan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jiki ya yi sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Mu nan Lanzhou lafiya lau, sai gwiwata da ke ta mulkinta.

Batun ƙasar mahaifarmu da kika roƙa, cikin tafi ɗaya ki sa ƙarƙashin matashinki, na je. Ɗana Haiming ya kai ni a motarsa tare da matarsa Dongmei, wai su ma sa buɗe ido. Kwana biyu muna ratsa hamada. Duk dutsen da ya ɗan karkace sai an tsaya Dongmei ta ɗaga yatsu biyu an ɗauke ta hoto. Wani ma wai raƙumi ne a durƙushe. In raƙumi ne, to mota ta taka shi.

Yaya, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kwazazzabon da muka yi kiwon awaki an kewaye shi an mai da shi wurin yawon buɗe ido, an shimfiɗa hanyar katako, mutane na bi kamar tururuwa suna zubar da ɓawon gyaɗa. Inda murhun Inna yake kuwa, da na so ɓoye miki, bayan gida aka gina wa baƙi. Layi har waje, ga wari.

Na sauke ƙafa ɗaya daga katakon ke nan zan ɗebi ƙasa, wata mai gadi ta busa min usur. Wai Kaka a koma, sawu ɗaya sai ya shekara sittin bai goge ba. Na ce to ta duba da kyau, nawa da na yayata suna nan birjik. Ko murmushi. Haiming ya janye ni, wai zan ba shi kunya, ya sayo kwalbar yashi mai launi a shago, ya ce ai Gwaggo ba za ta gane ba. Na jiƙa yatsa na taɓa, sai ga rini. Na miƙa masa abarsa.

Da la'asar iska ta taso da ƙura daga cikin kwazazzabon, kowa ya toshe hanci ya ruga mota. Ni kuwa na cire hulata na tara, na tsaya har ta lafa. Abin da ke cikin ƙullin nan ke nan. Bai cika cokali ba, amma tamu ce, ita ta zo da kanta.

Ki gai da ɗiyarki Yuping da maigidanta. Dongmei na gaishe ki, Haiming ma, ko da yake bai cancanta ba.

Ƙaninki,
Wenlu