Ramukan da Dogo Ya Toshe

Litinin, 1 ga Satumba

Shekara ta huɗu ke nan rabona da gida. Na baro Auta tana rarrafe. Yanzu uwarta ta ce in aka tambaye ta ina babanta, sai ta nuna waya. Na yi dariya da ta faɗa mini. Da na kashe wayar ban iya cin abinci ba.

Duk shekarun nan a rami na yi su, ramin gaske, wanda ake hawo da mota a kai in shiga ƙarƙashinta. Aikina ke nan a garejin Maigida: in wanke gindin mota, in kankare tsatsa, in fesa baƙin fentin nan mai kauri kamar kwalta, tun daga dokin ƙofa, ƙarfen nan da ake takawa a shiga mota, har kwarmin taya. Hanyar wurin fasa dutse ce ta ratsa garin, tifofi suna barbaɗa tsakuwa duk inda suka bi. Taya ta ɗauka ta harba wa jikin mota. Ɗan wuri kamar ƙwayar gero ya fashe, ruwa ya samu shiga, kafin shekara tsatsa ta yi fure.

Ba mai sunkuyawa ya duba aikina. In na yi shi da kyau, ba abin da ke faruwa, shi ke nan.

Laraba, 3 ga Satumba

Dogo ya fara da sassafe. “Kwalta, yau ma an tono ka?” Na ce ya je ya ci gaba da shafa wa motoci hoda.

Shi ne mai fentin sama. Bayana ya zo garejin nan, amma shi aka ba bindigar feshi da ɗaki mai fanka. A tsaye yake aikinsa, cikin haske, shi masu mota ke yi wa sannu. Tun zuwana nake roƙon wannan ɗakin.

Gaskiya dai hannunsa na da kyau. In ya gama ƙofa kana iya gyara gemu a jikinta. Kuma ba ya iya ganin lotsawa ko huda a ƙarfe ya wuce. Bencin da muke shan shayi a kai ma ya bi shi da fila, ƙullin nan da ake liƙe lotsawar mota da shi, ya cike duk wani rami. Ba na son sa, amma ba zan ce bai iya ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wata dattijuwa ta kawo motoci uku, na kai biredi ƙauyukan da ke bayan wurin fasa dutse. Uwar Biredi ake ce mata. Ta ce, “Ɗana, in muna tafiya ƙasan motar nan kamar ana soya masara.” Sai ta tattare zane ta durƙusa ta leƙa da kanta. Ita ce ta farko da na taɓa gani ta yi haka. Har na ji kunyar dattin da ke ramin.

Ran Litinin take son su, don motocin haya take amfani da su kafin nan. Na wanke duka ukun, na kankare, na bar su su sha iska. Gobe feshi.

Juma’a, 5 ga Satumba

Bayana. Na sunkuya ɗaukar gwangwani, ban miƙe ba.

Litinin, 8 ga Satumba

A kwance tun Juma’a, ina kallon silin. Likita ya ce in daina aikin sunkuyo, in daina shaƙar fenti a wuri mara iska. Na ce to da kunne zan yi aikin? Bai yi dariya ba.

Maigida ya zo da lemo a leda. Ya ce kada in damu, ya saukar da Dogo rami, an gama, motocin sun tafi. Na ce wa ya nuna masa? Ya ce, “Fenti ai fenti ne.”

Na juya fuska bango. Shekara huɗu, ashe fenti fenti ne.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na koma aiki ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Dogo ya tare ni da baki har kunne. “Kwalta, ashe aikin naka hutu ne a inuwa. Har abin da masu ƙera motar suka manta na gyara musu.” Na wuce ramina. Surutunsa ne, kullum sai ya gyara wa wani abu.

Ruwa tun azahar.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ruwa har yanzu. Taga ta kumbura ba ta rufuwa, na cusa tsumma.

Uwar yara ta tambayi bayan, na ce da sauƙi. Ta ce muryata ba ta ce da sauƙi ba. Yayan Auta ya karɓi wayar ya ce yaushe zan dawo. Kullum yaushe. Kamar ni na ɗaure kaina.

Na zauna ina tunanin tsakuwa. Ban taɓa ganin motar da babban dutse ya kashe ba. Ƙananan ne, wanda direba ba ya ko ji, yau ɗaya gobe ɗaya, duk a wurin da ido ba ya kaiwa. Sama tana ƙyalli, mai ita yana goge ta da ƙyalle. Ran da aka taka dokin ƙofa ƙafa ta burma, sai a ce ikon Allah, jiya lafiyarta lau.

Na bar tunanin, na dafa shayi.

Talata, 23 ga Satumba

Uwar Biredi ta dawo da motocin duka. Ta tsaya bakin rami ta ce, “Ɗana, fito, motocina sun ɗauki ciki.”

Ta kama ƙofa ta kaɗa. Kwal-kwal, kamar jarka. Ta kaɗa ta biyu, haka. Na shiga ƙasa da fitila ina shafa gefen ƙarfe da yatsa, sumul daga farko har ƙarshe. Nan na gane.

A ƙasan kowace ƙofa da kowane dokin ƙofa akwai ’yan ramuka da aka bari da gangan. Ruwan sama na bi ta gefen gilashi ya shiga ciki, ba mai hana shi, ta nan yake fita. In zan yi feshi sai in cusa musu tsinke, in na gama in zare. Dogo ya gan su ya ɗauka tsatsa ce ta huda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fila, ya goge, ya fesa a kai. Ban taɓa ganin ɓarnar da aka yi da tsafta irin wannan ba.

Da na faɗa, Dogo ya sunkuya ya leƙa. Ya ce, “Rami ne fa. Na ga rami.”

Ban ji daɗi ba. Na ɗan ji, kaɗan.

Laraba, 24 ga Satumba

Maigida ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Har kujera ya ba ni.

Ya ce matar nan ta san duk masu motocin kaya a garin, in ta buɗe baki garejin ya mutu. Dole laifin ya zauna a kan mutum ɗaya. Gobe za ta dawo, yana so in ce a gabanta na gaya wa Dogo zancen ramukan tun ina kwance, shi ne ya yi kunnen ƙashi. Ƙarshen wata Dogo ya tafi. “Bindiga taka ce, ɗaki naka ne. Ka tausaya wa bayanka.”

Na ce zan yi tunani.

Takardar zaman Dogo a ƙasar nan da sunan garejin aka yi ta. In aiki ya tafi, ita ma ta tafi. Matarsa na nan tare da shi, da ’yan biyu da ba su fara tafiya ba. Na sani, don kullum sai ya cusa mini hotonsu a ido.

To ni fa? Ni ba ni da ’ya’ya? Kalma uku ce kawai zan faɗa: “Na gaya masa.” Kuma ai shi ya toshe, ba ni ba. Wa ya aike shi gyara wa masu ƙera mota aiki?

Na leƙa ɗakin fentin kafin in tafi. Fankar na juyawa ba kowa.

Alhamis, 25 ga Satumba

Da safe Dogo ya same ni wurin famfo. Ya ce, “Ina kwana, Yaya.” Yaya! Gara Kwaltar. Ya sha jinin jikinsa, ya ga an rufe ƙofar ofis jiya. Bai roƙe ni komai ba, da ya roƙa da ya fi mini sauƙi.

Ta zo da hantsi. Muka tsaya mu huɗu gaban motocin. Maigida ya yi dogon bayani, ya juyo ya ce, “Ga shi nan, ya gaya masa, ko ba haka ba?”

Wallahi har na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Sai na ji na ce ban gaya masa ba, ina kwance. Ba wanda ya gaya masa. Mai fentin sama ne, aikinsa ke nan ya cike rami, an saukar da shi ƙasa ba a nuna masa komai ba.

Uwar Biredi ta ce, “To wa ya saukar da shi?”

Maigida ya shiga duba takalminsa.

Na ce mata abin bai kai ga mutuwa ba tukuna. A huda, a tsiyaye, a busar, a fesa mai a ciki. Ta dube ni ta ce in ni zan yi, ta yarda, amma za ta leƙa da kanta. Na ce na san za ta leƙa.

Da ta tafi Maigida ya ce, “Tunda ka zama lauyansa, sai ku shiga ramin tare.” Bai ƙara zancen kora ba. Bai ƙara zancen bindiga ba.

Juma’a, 26 ga Satumba

Ni dai jaki ne. Na rubuta don in tuna.

Asabar, 27 ga Satumba

An haƙa ramin nan daidai tsawona, ba tsawon Dogo ba. Kafin azahar ya buga goshi a ƙarfen bakin rami har na daina ce masa sannu.

Na ba shi injin huda na ce wanda ya toshe shi zai buɗe. Ramin farko, jan ruwa ya tsinko masa a fuska, mai wari kamar tsohuwar rijiya. Ya tofar ya ce, “Haka kake sha kullum?” Na ce wannan ai na baƙi ne, an tace.

Ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai bar ni na ɗaga ko gwangwani ba. Can yana huda ya ce shi har yanzu abin bai zauna masa ba, a ƙera mota sabuwa fil a bar mata huda. Na ce ruwa sai ya shiga, ko ka so ko ka ƙi, iyakarka ka bar masa hanyar fita. Ya ce a sama ba haka ake ba. Na ce na sani, shi ya sa kuke sama.

Dokin ƙofa ɗaya, na tsohuwar motar, ya tafi. Da ma ya ɗan ci, ruwan ya ƙarasa shi, na danna da babban yatsa ya shige. Sai an yanke an yi walda. Dogo ya daɗe yana kallon wurin.

Talata, 30 ga Satumba

Ta zo ta durƙusa ta leƙa, mota bayan mota. Ta sa aka zuba ruwa a gilashi, ta tsaya har ta ga yana ɗiga ta ƙasa. Ta ce, “Yauwa, yanzu suna fitsari kamar kowa.” Ta bar mana biredi biyu.

Maigida ba ya amsa gaisuwata sosai. Dogo ya koma ɗakinsa mai fanka.

Na gaya wa uwar yara duka. Sai ta ce, “To bayan fa?” Na ce yana nan yadda yake. Ta ce in dinga ɗaura ɗamara.

Da la’asar Dogo ya leƙo ya ce, “Kwalta, in babbar mota ta zo ka ƙwala mini kira, kada ka ɗaga komai.” Na ce ba na bukata. Bayan ya tafi na sami wani tsohon soso na kujera na ɗaure a ƙarfen bakin ramin. Ba don shi ba. Ƙarar buga goshin ce ke damuna.

Abin da na iya tsirarwa a watan nan: ƙofa goma sha biyu cikin goma sha biyu. Dokin ƙofa biyar cikin shida. Dogo ɗaya, da matarsa, da ’yan biyu.

Gobe akwai tifa a rami.