Mashayar da Saratu ta Bari

Daren Laraba, Goronyo

Bayana na ciwo, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau hedimasta Malam Bello ya shigo ajin da nake koya wa yara da kwamfuta a makarantarsa, ya harɗe hannu a bakin ƙofa. Tun makon jiya yake cewa in wasa kawai na zo koya wa yaransa, in ɗauki kwamfutocina in koma aikina na dam.

Na sa kowane yaro ya ja magudanar ruwa daga dam zuwa gonakin shinkafa a cikin wasan kwamfuta mai ba da maki. Duk suka ja tasu a miƙe, maki na ta hawa. Saratu kaɗai ta tsaya ta kwantar da gefen tata, ta yi gangare mai faɗi. Wasan ya zaftare mata maki, yara suka yi ta dariya.

Malam ya matso ya ce, "Ke, mi kinka yi nan?"

Ta ce, "Mashaya ta, Malam. In ba a bar ma shanu wurin sha ba, da kansu za su sauka su farfasa siminti. Haka anka yi bayan gonar Baba."

Kunya ta kama ni. Wancan wurin ni na zana shi, kuma sau biyu muna gyara shi.

Malam bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Da zai fita dai ya ce Laraba mai zuwa a haɗa da 'yan aji biyar.

Na gaya wa Saratu masu wannan aiki su ake kira injiniyoyi, kuma za ta iya. Wasan ya ajiye ta ta ƙarshe. Ni kuwa gobe da safe zan buɗe sabon zanena in sa mashayar da na manta.