Maƙogwarona a Allon Ɗalibai

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Yaya, dashewar muryar nan ba mura ba ce, ƙari ne a maƙogwaro. Ke kaɗai na faɗa wa. ’Yata Auta saura mata wata biyu ta rubuta jarrabawar ƙarshe ta likitanci, na rantse ba za ta ji ba sai ta ajiye biro. Shi ya sa na tsallake asibitin makarantarsu na tafi wani can nesa.

Likitan ya roƙi ya ɗauki bidiyon gwajin don koyar da ɗalibai, ya ce fuskata ba za ta fito ba. Na sa hannu, ni mai neman lada. Ban tambayi waɗanne ɗalibai ba, shi kuma bai ga dalilin faɗa mini ba. Ashe kai tsaye ake haska wa makarantu da yawa.

Aka zaunar da ni, aka fesa mini magani, aka zura siririyar tiyo mai fitila ta hancina. Likita yana ta zuba bayani, ko kallona bai yi ba, sai ka ce kayan gwanjo yake talla. Sai ya tambayi ɗalibai mene ne wannan.

Yaya, muryar da ta fito daga lasifika ta Auta ce. Ta faɗi sunan cutar, ta faɗi inda ta kai, ta ce an makara. Tar da bakinta, ko gargada babu. Likita har ya ce a tafa mata.

Na riƙe numfashi, na danne tari don kada ta gane ni, hawaye na zuba. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Mama, ki ce iii.” Na ƙi. Ya maimaita sau uku, har ya fara ɗaga murya. Na ce.

Ashe Auta ta gane muryata. Can na ji kujera ta faɗi ta cikin lasifika.

Yau kwananta huɗu a ɗakina, ta ƙi komawa makaranta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tana ba ni ruwa da cokali, tana cewa wataƙila ta yi kuskure a amsar. Ni da ita mun san yarinyar nan ba ta faɗuwa jarrabawa.

Ki zo, Yaya. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki