Karen da Ke Jin Hausa

Yaya Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum. Ya Inna da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau, aiki da sauƙi.

Kin tuna Zuzu, karen gidan da nake aiki, wanda da farko nake ƙyamar ya taɓa min zani? Ranar Juma'a muka fita shan iska cikin sahara, ya haye wani tudun yashi, bai dawo ba. Na yi ta kira har muryata ta dishe.

Yaya, tun zuwana Dubai shi kaɗai nake yi wa Hausa. In na ce "zo nan", sai ya zo.

Maƙwabta suna ta yi wa Madam, matar gidan, jaje, ni ina kai musu shayi. Don Allah ki kira ni ki ce min "ya haƙuri?" Kada ki yi dariya.

Ƙanwarki,
Asama'u