Taliyar 'Yan Gudu

Litinin, 20 ga Satumba, 2004

Oumaima ta dawo daga makaranta da labari. Ran Juma'a 'yan ƙungiyar gudunsu za su ci abinci a gidanmu. Wai al'adarsu ce, jajibirin kowace gasa sai su taru a gidan ɗayarsu su ci taliya. 'Yan mata goma sha huɗu, da malamar da ke horar da su.

Na ce sai in yi dambu. Ta ce, "Mama, please, taliya kawai."

Ashe sau biyu layi yana zuwa kanmu tana ba da uzuri. Ban tambayi dalili ba, na sani. Ni ce na ce budurwa mai shekara goma sha biyar ba ta gudu a fili kamar wadda aka koro. Babanta ne ya sa hannu a takardar, ba ni ba.

Talata, 21 ga Satumba

Babanta Moutari ya kai ni babban kanti a titin Wendover. Ikon Allah! Layi guda, daga nan har can, taliya zalla. Wata kamar bututu, wata kamar katantanwa, wata kamar kunnen jariri. A Maraɗi iri biyu na sani, doguwa da makaroni. Na tsaya baki buɗe har wata mata ta nemi in ba ta hanya.

Doguwar na ɗauka, kwali takwas.

Laraba, 22 ga Satumba

Biyu ba sa cin nama, miya biyu ke nan. Yaji a gefe, kada a kashe 'ya'yan mutane. Maƙwabciyarmu Hajiya Tchima ta ara mini tukunyar suna, tana cewa, "Fassouma, a ƙasa za ki zaunar da su?" Kujerunmu shida ne. To, a ina?

Alhamis, 23 ga Satumba

Na gwada. Oumaima ta ce ta yi laushi da yawa. Ɗanya suke so ke nan.

Juma'a, 24 ga Satumba

Sun zo. Suka tuɓe takalma a ƙofa, suka baje a kan tabarma kamar a nan aka haife su. Sirara kamar kara, amma ban taɓa ganin ci irin wannan ba. Tukunyar suna, tas! Wata ta zuba yaji, hawaye na zuba, ta ƙara.

Malamar ta same ni a kicin. Ta ce, "Kin san in an zo hawan tudu, 'yarki duk suke bi?" Kilomita biyar, wai, ba ta tsayawa.

Na leƙa falo. Oumaima tana magana, duk sun yi shiru suna saurare. Yarinyar da na haifa bakwaini, wadda nake kara kunne a ƙirjinta in ji ko tana numfashi. Na koma wajen kwanuka na daɗe.

Asabar, 25 ga Satumba

Wata ta manta rigar sanyinta, shi ya sa na bi Moutari filin gasar. Dole a mayar wa mutane kayansu.

'Yan gudun suka ɓace cikin itatuwa. Da suka ɓullo, ga Oumaima nan, farin ɗankwali, dogon wando, ƙafafun kamar ba sa taɓa ƙasa. Ta uku ta zo.

Moutari ya ce har guɗa na yi, Turawa suna waiwaye. Ni ban tuna ba. Muryata dai ta dushe. Sanyin safiya ne.